Karl Schwarzschild (1873–1916): Rayuwarsa da Lissafin da Ya Haifi Baƙin Rami

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran kimiyya, ko kallon sinimarsu, ya san matsalar da ke fara tare marubucinsu tun kafin ya ɗora alƙalami, watau nisa. Haske, wanda babu abin da ya kai shi sauri, yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso duniya daga tauraron da ya fi kusa da rana. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa; da can ya nufa, da sai ya shekara fiye da 70,000 a hanya. To, marubucin da ke son jaruminsa ya je ya komo ya tarar da iyalinsa da rai, tilas ya nemo masa dabara. Umaru Dembo, a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya (1969), ya bar wa baƙon da ya sauko daga sama wannan ɗawainiya. Marubutan Turai da Amurka kuwa sun daɗe da raja'a a kan wasu ƙofofi biyu, ɗaya suna kiranta baƙin rami, ɗayar kuma ramin tsutsa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙofofin nan biyu tushensu ɗaya ne. Sun fito ne daga wani lissafi da wani Bajamushe, masanin ilmin falaki, ya yi yana sanye da kakin soja a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, saura kamar wata biyar ajali ya cim masa. Sunansa Karl Schwarzschild. Wannan maƙala za ta bi diddigin rayuwarsa, sa'an nan ta duba abin da lissafinsa ya ba marubuta da abin da ya hana su.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Karl Schwarzschild ranar 9 ga Oktoba, 1873, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne da suka daɗe a birnin, mahaifinsa kuwa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, kuma shi ne ɗan farinsa. Gidansu gida ne na masu son kiɗa da zane, har ƙanensa Alfred ya zama mai zanen hotuna. Shi kuwa Karl sama ce ta ɗauke masa hankali. Tun yana yaro yakan tara 'yan kuɗinsa ya sayi gilasai ya harhaɗa madubin hangen nesa. Ya kuma yi dace da aboki, Paul Epstein, wanda mahaifinsa ke da ɗan ɗakin duban taurari na kansa, kuma a nan ya koyi sarrafa kayan aikin da lissafin da ya fi na makaranta zurfi.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 1890, yana ɗan shekara 16, bai ko gama sakandare ba, wata mujallar masana falaki ta buga masa maƙala biyu a kan yadda ake gano hanyar da taurari ke bi, musamman tagwayen taurari masu zagaya juna.

Neman Ilmi da Aikinsa na Farko

A 1891 ya shiga jami'ar Strasbourg, wadda a lokacin take hannun Jamus. Bayan shekara biyu ya koma Munich, inda ya sami digirinsa na dakta a 1896 a ƙarƙashin Hugo von Seeliger. Daga nan sai ya kama aikin mataimaki a cibiyar duban taurari ta Kuffner da ke Vienna, ya zauna har 1899.

A Vienna ya fara yin suna, kuma a kan aikin hannu ne. A zamanin, da ido ake ƙiyasta hasken taurari, ido kuwa yakan yi ƙarya. Shi sai ya koma ga hoto. Masu ɗaukar hoto sun ɗauka cewa idan haske ya ragu da rabi, sai a ninka lokacin ɗauka, hoton ya fito daidai. Schwarzschild ya nuna cewa ga haske mai rauni irin na taurari wannan ba ya yiwuwa, sai an ƙara lokaci fiye da haka, ya kuma fitar da ƙa'idar da ke faɗin ko nawa za a ƙara. Har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar. Wannan aiki ya nuna halin da ya bi shi har kabari: ba ya raba lissafi mai zurfi da abin da za a iya aunawa.

A 1900, a taron masana falaki na Jamus da aka yi a Heidelberg, ya tayar da wata tambaya da mutane da yawa suka ɗauka wasan ƙwaƙwalwa ce. Ya ce mai yiwuwa sararin samaniya kansa a lanƙwashe yake, kamar yadda doron ƙasa yake a lanƙwashe alhali mai tafiya a kansa yana ganinsa a shimfiɗe. Bai tsaya ga zato ba, sai da ya ɗauki awon nisan taurari ya lissafa iyakar lanƙwasar da za ta iya kasancewa ba tare da an riga an lura da ita ba. Saura shekara 15 a lokacin kafin Albert Einstein ya kammala ra'insa da ya tsayu a kan wannan lanƙwasa.

Göttingen da Potsdam

A 1901 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban cibiyar duban taurari ta Göttingen, kujerar da babban masanin lissafi Gauss ya taɓa zama a kai. Göttingen a lokacin ita ce matattarar masana lissafi, a nan Felix Klein da David Hilbert da Hermann Minkowski suke. Shekara takwas da ya yi a cikinsu su ne mafi albarka a rayuwarsa. Ya yi rubutu a kan yadda za a gyara madubin hangen nesa don hoto ya fito ba gurɓata. A 1905 ya je Aljeriya ya ɗauki hoton husufin rana. A 1906 ya bayyana yadda zafi ke fitowa daga jikin rana, ya kuma kafa sharaɗin da ke nuna yaushe iskar cikin tauraro za ta tsaya cik, haske kaɗai ya ɗauki zafin, yaushe kuma za ta yi ta juyawa kamar ruwan da ke tafasa a tukunya. Masu nazarin cikin taurari har gobe da wannan sharaɗi suke aiki.

A 1909 ya auri Else Rosenbach, 'yar wani farfesan aikin tiyata a Göttingen, suka haifi 'ya'ya uku. A shekarar ce kuma aka ba shi shugabancin cibiyar nazarin taurari ta Potsdam, kusa da Berlin, muƙamin da babu kamarsa ga masanin falaki a Jamus. Ba da daɗewa ba aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Furusiya, wadda Einstein ma ya shiga. Tun kafin ra'in Einstein ya kammala, Schwarzschild ya gwada auna ɗaya daga cikin hasashensa a hasken rana, sai dai awon bai raba gardama ba.

Yaƙi

Da yaƙi ya ɓarke a Agusta 1914, Schwarzschild ya haura shekara 40, yana da mata da ƙananan 'ya'ya da babban muƙami, babu mai tilasta masa shiga soja. Amma ya kai kansa. Yahudawan Jamus da yawa sun yi haka a lokacin, don kishin ƙasa da kuma nuna cewa su ma 'yan ƙasa ne cikakku. Aka fara tura shi Beljiyam ya kula da tashar duban yanayi, daga nan Faransa, inda aka sa shi cikin masu manyan bindigogi yana lissafa inda harsashi zai faɗa, daga baya kuma fagen fama na Rasha. Ya kai muƙamin laftanan. Ilmin da ya koya don bin sawun taurari, ga shi an juya shi ga bin sawun harsashi.

A Nuwamba 1915, Einstein ya gabatar wa Majalisar Furusiya da cikakken ra'insa na dangantaka. Tun zamanin Isaac Newton ake ɗauka cewa rana tana jawo duniyoyi da wani ƙarfi, kamar da igiyar da ba a gani. Einstein ya ce babu igiya. Abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi ne, kamar yadda dutsen niƙa zai lotsa zanen da mutane huɗu suka ja suka ɗame, duk abin da aka gangara a kan zanen sai ya bi lotsawar. Da wannan ya warware wata tsohuwar matsala: hanyar Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana, tana ɗan gocewa fiye da yadda lissafin Newton ya faɗa. Sai dai ƙa'idojin lissafin Einstein masu wuyar gaske ne, guda goma ne a sarƙe da juna, shi kansa kusantar amsa ya yi, bai fitar da ita cif ba.

Takardar ta iske Schwarzschild a bakin daga. Ya zaɓi mafi sauƙin misali, watau tauraro guda, mai siffar ƙwallo, wanda ba ya juyawa, babu kome kusa da shi, ya tambaya yaya sarari da lokaci za su lanƙwashe a kewayensa. Cikin 'yan makonni ya sami amsa cif, ba ƙiyasi. Ranar 22 ga Disamba, 1915, ya aika wa Einstein da wasiƙa, inda ya nuna cewa duk da rugugin bindigogi yaƙi ya bar masa sararin yin wannan yawo cikin tunanin Einstein. Einstein ya amsa yana mamakin yadda amsar ta fito da sauƙi haka, ya kuma karanta aikin a gaban Majalisa ranar 13 ga Janairu, 1916. A Fabrairu wata takarda ta biyu ta biyo baya, mai bayanin abin da ke faruwa a cikin tauraron kansa.

Abin da Lissafin Ya Ƙunsa

A nesa da tauraro, amsar Schwarzschild ta yi daidai da ta Newton. Kusa kaɗan, ta ba da gocewar Uɗaridu. Amma akwai wani nisa daga tsakiyar tauraron inda lissafin ke rikicewa, lokaci ya zama kamar ya tsaya. Wannan nisa ya dogara ga nauyin abin kaɗai, kuma shi ake kira tazarar Schwarzschild. Ga rana, kilomita 3 ne kacal, alhali daga tsakiyarta zuwa gefenta kusan kilomita 700,000 ne. Ga duniya, milimita 9 ne. Watau sai an matse duniya da duwatsunta da tekunanta ta koma kamar ƙaramin goro. Idan har abu ya matsu haka, babu abin da zai iya fitowa daga cikinsa, ko da haske ne. Misalinsa kamar kwalekwale ne a kogin da ke gangarawa zuwa tsalle: akwai wurin da gudun ruwa ke fin ƙarfin kowane mai tuƙi, wanda ya wuce nan ko ya juya baya gaba zai yi.

Schwarzschild ya ga wannan iyaka, amma bai ɗauka akwai abin da zai kai gare ta ba, domin takardarsa ta biyu ta nuna cewa tun kafin tauraro ya matsu zuwa can, matsin da ke tsakiyarsa zai wuce duk wani ƙiyasi. Ya ɗauke ta abar takarda. Einstein ma haka ya ɗauka, har a 1939 ya buga maƙala don nuna cewa irin wannan abu ba zai samu ba. A shekarar nan kuwa Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder suka nuna cewa babban tauraron da makamashinsa ya ƙare yana iya rubzawa ya wuce iyakar. Ashe lissafin ya faɗi abin da masu shi ba su yarda da shi ba.

Rasuwarsa

Yana wannan aiki ne ciwo na cinsa. A fagen fama wata cuta mai suna femfigus ta bayyana gare shi, wadda jiki ke juyowa ya yaƙi fatarsa, ta yi ta kumbura tana saɓulewa kamar ƙuna, har cikin baki. A zamanin ba ta da magani. A Maris 1916 aka komo da shi gida. Duk da haka sai da ya kammala wata takarda ta uku, a kan yadda wutar lantarki ke rarraba hasken ƙwayar zarra. Ya rasu a Potsdam ranar 11 ga Mayu, 1916, yana da shekara 42, aka binne shi a Göttingen. Einstein ne ya yi jawabin tunawa da shi a gaban Majalisa.

Ƙasar da ya ba wa ransa ba ta saka wa zuriyarsa da alheri ba. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, jinin Yahudanci ya zama laifi. 'Yarsa Agathe ta yi hijira, daga ƙarshe ta zauna a New Zealand, ta zama farfesar adabin Girka, ta kuma yi nazarin adabin baka na mutanen Maori. Ɗansa Martin ya koma Amurka, ya zama babban masanin rayuwar taurari a jami'ar Princeton. Autan kuwa ya rasa ransa a 1944, a cikin wannan ƙuntatawa.

Ƙofofi Biyu da Marubuta

A shekarar da ya rasu, Ludwig Flamm na Vienna ya lura cewa siffar sararin da lissafin ya bayar ta yi kama da mazurari. A 1935 Einstein da Nathan Rosen suka nuna cewa ana iya karanta lissafin a matsayin mazurari biyu da suka haɗu ta wuya, watau gada tsakanin sarari biyu. John Wheeler ne ya raɗa wa irin wannan gada suna ramin tsutsa a 1957, domin tsutsar da ta huda mangwaro ta ɓulla ɗaya gefen ta riga wadda ta bi ta kan ɓawo isa. Shi ne kuma ya yayata sunan baƙin rami daga 1967.

Marubuta ba su yi nawa ba. Joe Haldeman, a The Forever War (1974), ya sa sojojinsa suna faɗawa cikin rubzajjen tauraro su ɓulla wani sashe na samaniya. Frederik Pohl, a Gateway (1977), ya gina labarinsa a kan mutumin da ya kuɓuta ya bar masoyiyarsa a bakin baƙin rami, shi yana tsufa ita kuwa lokacinta da ƙyar yake motsi. Na Pohl yana da madogara, domin lissafin Schwarzschild ya tabbatar da cewa agogon da ke kusa da iyakar yana jinkiri idan aka gwada shi da na nesa, kuma mai kallo daga nesa ba zai taɓa ganin mai faɗawa ya ƙetare ba, sai dai ya ga yana dushewa. Wannan jinkiri ne fim ɗin Interstellar (2014) ya yi amfani da shi, inda awa guda a wata duniya ta zama shekara 7 a gida, ko da yake hakan sai da rami mai tsananin juyawa, irin wanda Roy Kerr ya fitar da lissafinsa a 1963.

Batun ƙetarewa kuwa, nan ne lissafi ya ƙi. Wanda ya faɗa cikin baƙin ramin Schwarzschild tsakiya zai nufa ba makawa. Idan ramin ƙarami ne, jan da ke ƙafarsa zai fi na kansa nesa ba kusa ba, ya tsinke tun bai kai iyakar ba. Idan babba ne ƙwarai, zai wuce iyakar bai ji kome ba, halaka ta same shi a ciki. Gadar Einstein da Rosen ma ba ta tsayawa. A 1962 Robert Fuller da Wheeler suka nuna cewa wuyanta yana buɗewa ya tsuke da saurin da ko haske ba zai samu wucewa ba. Saboda haka ne lokacin da Carl Sagan ke rubuta Contact (1985), ya nemi shawarar abokinsa Kip Thorne, shi kuwa ya ce ya bar baƙin rami ya koma ga ramin tsutsa. Tambayar marubucin ta haifi bincike: a 1988 Thorne da ɗalibinsa Michael Morris suka nuna cewa ramin tsutsa zai iya zama a buɗe in an tokare wuyansa da wani abu mai turewa maimakon jawowa, mai ƙarfin da bai kai sifiri ba. Ba a taɓa samun irin wannan abu da yawan da ake bukata ba, ba a kuma taɓa ganin ramin tsutsa ba.

Baƙin rami kuwa ya tabbata. Ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu, aka sanar a Fabrairu 2016, shekara 100 bayan takardun Schwarzschild. A Afrilu 2019 aka fitar da hoton inuwar baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87, mai nauyin rana kusan biliyan 6.5, a 2022 kuma na wanda ke tsakiyar tarin da rana take ciki, mai nauyin rana kusan miliyan 4.

Kammalawa

Schwarzschild bai taɓa jin kalmar baƙin rami ba, bai kuma yarda akwai shi ba. Abin da ya yi shi ne ya bi lissafi da gaskiya har inda ya kai shi, ya rubuta abin da ya gani, har da ɓangaren da bai gamsar da shi ba. Daga wannan ɓangare ne masana suka sami abin da suka ɗauki hotonsa bayan ƙarni guda, marubuta kuma suka sami ƙofar da har yanzu sai a labari ake bi ta cikinta. Mai nazarin ƙagaggun labarai da ya san wannan tarihi zai iya bambance inda marubuci ya tsaya a kan ilmi da inda ya hau dokin tunaninsa. Ƙungiyar masana falaki ta Jamus tana ba da lambar girma da sunansa, kuma wanda ya fara karɓarta a 1959 ɗansa ne, Martin. Sunan gidansu kuwa, a harshen Jamusanci, ma'anarsa baƙar garkuwa.